Shirun Kwalaben Dokome

Ranar Juma'a, ƙarfe goma na safe daidai, Fifame Kpadonu ta buɗe akwatin ɗumi ta fito da kwalabe tara ta jera a kan tebur. Shida na wasu ƙauyuka ne, kallo ɗaya ta yi musu ta ture gefe. Ukun ƙarshen su ne suka hana ta cin abincin kirki tun jiya, domin ruwan rijiyar Dokome ne a ciki, garin ubanta, inda 'yarta Sena mai shekara uku take zaune wurin Gwaggo Huwefa.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. A ɗebo ruwa a kwalba mai tsabta, a zuba masa wani farin gari, a rufe, a ajiye cikin ɗumi awa ashirin da huɗu. In akwai ƙwayoyin cuta irin na bayan gida, ruwan zai juye ya zama rawaya. In babu, ya zauna yadda yake. Haka katin da ke manne a bangon ɗakin gwajin ya ce, kuma shekara huɗu ke nan Fifame tana bin katin nan a Allada ba ta taɓa saɓa masa ba.

Ta ɗaga kwalbar farko wajen taga. Ba rawaya. Ta biyu ma haka, ta ukun ma haka. Sai dai ruwan bai yi garau ba, ya yi dishi-dishi kamar wanda aka ɗauraye shinkafa a ciki. Ta juya kwalbar, ta sake juyawa, ta ce wa kanta ai ruwan Dokome kullum haka yake fitowa, jar ƙasar wurin ce.

"'Yar Dokome, me kike nema a ciki, kifi?"

Baba Zinsu ne, abokin aikinta, wani siririn tsoho da ya rage masa shekara ɗaya ya ajiye aiki. Ciwon suga ya cinye masa nama ya bar masa baki. Yana zaune bakin famfo yana goge tabarau da gefen rigarsa.

"Fari ne, Baba," ta ce.

"Miƙo in gani." Ya karɓa, ya kai hanci kusa da gilashin kamar mai shirin sansana. "Fari ne, amma ba na son wannan hazon. Bar su su ƙara kwana."

"Kati ya ce awa ashirin da huɗu."

"Wanda ya rubuta katin nan bai taɓa shan ruwan garinku ba."

Kafin ta ba shi amsa wayarta ta hau ruri a aljihu, karo na bakwai tun safe. Ba sai ta duba ba, ta san yayanta ne, Nonvinyon.

To, a yi wa Fifame adalci. Mako uku ke nan rijiyar Dokome tana rufe da sarƙa da kwaɗo. Bayan ruwan sama na farko yara goma sha ɗaya suka kwanta da gudawa, biyu ba su tashi ba, ɗaya jaririya, ɗaya kuma Kosi, ɗan Ablawa mai tuyar ƙosai, yaron da ya riga ya fara zuwa makaranta. Hukuma ta zo ta zuba magani a rijiyar, aka shafe bakinta da sabon siminti, aka ce ba mai sha sai ɗakin gwaji ya sa hannu. Tun ranar matan garin suke tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa famfon bakin kwalta, su dawo da daro a ka, wuya kamar zai karye. Ga shi kuma gobe Asabar za a yi bikin binne Da Kpadonu, wan mahaifinta, babban gidansu, wanda gawarsa ta yi wata biyu a ɗakin sanyi ana jiran dangi su taru daga Kotonu da Lome da Libreville. Mutum ɗari huɗu za a ciyar. Da wane ruwan?

Ta ɗauki wayar.

"Ke Fifame, sai mun zo mun durƙusa miki?" in ji Nonvinyon. "Masu girki sun zauna sun naɗe hannu. Mutane na cewa muna da 'ya a ofishin ruwa amma mu ne masu ƙishirwa."

"Fofo, dakata mini minti ɗaya," ta ce, yadda suke kiran babban wa a garinsu.

Ta saƙale wayar a kafaɗa, ta jawo takarda. Ta ƙara kallon kwalaben sau ɗaya, ta kalli katin bango, ba ta kalli Baba Zinsu ba. Ta rubuta cewa ruwan ya halatta a sha, ta sa hannu, ta buga hatimi har tebur ya amsa.

"A buɗe," ta ce.

Ta ji yayan nata ya juya ya faɗa wa mutane, sai guɗa ta ɓarke a cikin wayar har ta janye ta daga kunne. Da ya dawo yana dariya yake cewa, "Gwaggo ta ce a gaya miki ƙoƙon farko na Sena ne. 'Yar wadda ta wanke rijiya ita za ta fara sha, kafin sarki ma."

Daɗi ya kama Fifame har idonta ya kawo ruwa. Ita da ake yi wa gori a garin cewa boko ya raba ta da gida, yau ga 'yarta a gaban sarki. Ta ce a gaishe da Gwaggo, gobe da hantsi tana tafe. Ta kwashe kwalaben ta ajiye a kwandon wanki ta ce wa Baba Zinsu in ya samu hali ya dafa su ya wanke.

"In na samu hali," ya ce.

Bai wanke ba. Kowa a ofishin ya san halinsa na barin kwalabe su kwana, wasu suna cewa ƙiwuya ce kawai yake lulluɓewa da ilimi. Tana fita ya tsince ukun Dokome daga kwandon ya mayar cikin akwatin ɗumi.

Washegari ba ta da niyyar taka ofis. Ankon bikin ne ya kai ta, don telan da ke maƙwabtaka da su ya kawo mata ɗinkin jiya da yamma ta manta shi a bayan ƙofa. Ta sauka daga babur wajen ƙarfe takwas, ta ce wa ɗan zem ɗin, wato mai babur ɗin haya, ya jira ta, yanzu za ta fito su wuce Dokome. Sai ta tarar da ƙofar ɗakin gwaji a buɗe, ranar Asabar.

Baba Zinsu yana zaune a ciki da kayan gida, zani a kafaɗa da silifa. Bai ce mata 'yar Dokome ba. Haɓa kawai ya ɗaga wajen tebur.

Kwalabe uku ne a jere, kowace rawaya shar, kamar an matse lemo a ciki.

Bakinta ya riga hankalinta magana. "Baba, wannan ba hujja ba ce. Kai ka koya mini, in aka wuce awa ashirin da takwas ba a karantawa. Kowane tarkace na iya tsirowa."

"Ni na koya miki. Kashe fitila, ja labule."

Ta yi yadda ya ce. Ya ɗauko ƙaramar fitilar nan mai shuɗin haske ya haska. Kwalaben uku suka ɗauki wani irin haske a cikin duhun ɗakin, shuɗi mai sanyi, irin wanda ƙwayar hanjin mutum da dabba kaɗai ke bayarwa. Ta sha ganin hasken nan a ruwan kwata da ruwan kududdufi. Ba ta taɓa zaton za ta gan shi a ruwan da aka yi mata wankan jego da shi ba.

"To me ya hana su magana jiya?" ta ce. "In suna ciki, me ya sa suka yi shiru?"

"Abin da ya hana ni barci ke nan. Hazon da kika gani jiya su ne, sun hayayyafa sun cika kwalba. Suna nan, suna ci, amma ba garinmu suke ci ba." Ya mayar da labulen. "Wa ya ɗebo ruwan nan?"

Ta kawar da kai wajen kwalaben.

"Fifame, tambayarki nake."

"Gwaggo."

"Ke kina ina?"

"A bakin shinge. Baba, ka san wurin. Rijiyar tana da mai ita. Mace ɗaya ce ke zura guga ta farko, kuma duk ruwan da zai bar gari ita ke ɗiba. Ni ban shiga ɗakin tsafi ba, ba ni da ikon tsallake ganyen da ke ƙofar shingen. Nakan miƙa mata kwalaben a rufe, na nuna mata yadda za ta buɗe ba tare da ta taɓa bakin ba. Tana da tsabta fiye da ni."

"Ban ce ƙazama ce ba. Akwai saura?"

Akwai. Kullum sukan ajiye kwalba ta huɗu a firji ba tare da an zuba mata komai ba. Ta ɗauko. Tsohon ya zura hannu a jakarsa ya fito da ɗan gwangwanin da ba ya rabuwa da shi, na tsinkayen takardar da yake gwada fitsarinsa da su kowace safiya. Ya tsoma ɗaya a ruwan, ya riƙe, suna kallo su biyu. Kan takardar ya fara sauyawa, ya tashi daga launinsa ya yi duhu.

"Tabɗi," in ji Baba Zinsu a hankali. "Rijiyarku ta fi ni ciwon suga."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

"Zauna ki ji, minti biyu ne, kuma sai kin fahimta kafin ki iya fahimtar da su. Garin da muke zubawa, a cikinsa akwai wani abu da aka ƙera ya yi kama da sukarin madara. Sukarin madara yana da tauri, ƙwayar ba ta iya cinsa sai ta ƙera makamin fasa shi. Tana fasawa, rawayar ta fito, mu gani. To amma ƙwayar nan ba ta da almubazzaranci. Umarnin ƙera makamin yana rubuce a jikinta, a kulle. Ba ta buɗewa sai abu biyu sun haɗu: ga sukarin madara a gabanta, kuma babu wani sukari mai sauƙi a kusa. In akwai mai sauƙin, irin na zuma ko na 'ya'yan itace, ko kallon namu ba za ta yi ba. Ke in aka ajiye miki dafaffen tuwo, za ki ɗauko turmi ki hau dakan masara?"

"A'a."

"Ita ma haka. Sai ta cinye mai sauƙin tas. Sannan ta tsaya cik na ɗan lokaci, kamar ta mutu, tana buɗe kulle tana ƙira. Sannan ta waiwayo kan namu. Jiya da ƙarfe goma kin same su suna tsakar cin na farko ne."

Fifame ta tuna an taɓa zana musu wannan a allo a makaranta, layi ya hau, ya kwanta, ya sake hawa. Ta haddace, ta ci jarrabawa, ta watsar, don ba ta ga abin da ya haɗa shi da rijiya ba. Wa ke zuba sukari a ruwan gwaji?

Ta kira Nonvinyon. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta kira matarsa, ta kira malamin makarantar garin, ta sake kiran Nonvinyon. Sau ɗaya aka ɗauka, ba ta ji komai ba sai ƙahonnin 'yan badujala da ƙarar janareto, aka kashe.

Baba Zinsu ya naɗe kwalba ɗaya a jarida ya tura mata cikin jaka. "Baki ba zai ishe ki ba, sai sun gani. Ni zan je asibiti in gaya musu su shirya gadaje. Tashi."

Ta fizgi ankon a bayan ƙofa ba don tana tuna amfaninsa ba, ta fita.

Daga Allada zuwa Dokome minti arba'in ne in hanya ta bushe. Ɗan zem ɗin mai surutu ne, ya fara ba ta labarin yadda jiya ya kai akuya biyu da buhun gawayi gidan bikin, ta ce masa don Allah ya rufe baki ya ƙara wuta. Suka bar kwalta suka shiga jar hanya, gonakin abarba hagu da dama har iyakar gani. A wannan hanyar, ranar Alhamis da ta zo ɗaukar ruwa, ta wuce mata sun fi talatin a jere da darurruka a ka. Yau ba ko ɗaya. Ta yi ta baza ido ko za ta ga mace guda da daro, ba ta gani ba, sai wata motar ɗaukar kujeru da ta bule su da ƙura.

Tun daga nesa ta ji kiɗan. An kafa rumfuna shida a filin makaranta, kowa cikin anko iri ɗaya, kore da ruwan ƙasa, da hoton marigayin a ƙirji. A bayan rumfunan mata na tuƙa amiwo, jan tuwon masara, a manyan tukwane, ga gangunan roba shuɗɗa a jere cike da ruwa har baki, kofuna na yawo a kai. Wata yarinya tana ɗaura ruwa a ƙananan ledoji tana jefawa cikin ƙanƙara don baƙi. Wani tsoho ya ɗaga kofi ya kafa kai a gaban idonta, maƙogwaronsa na hawa da sauka.

Nonvinyon ya tare ta da hannu biyu a buɗe, yana warin giyar sodabi. "Ga ta nan! Ga mai rijiya! Ke ina ankonki, za ki kunyata mu?"

"Ina Sena?"

"Tana wurin Gwaggo mana. Zo ki gaida baƙin Libreville."

"Fofo, a daina shan ruwan nan. Yanzu."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare. Ta zaro kwalbar ta warware jaridar. Ya kalla, ya ja ta gefe da ƙarfi har hannunta ya yi zafi.

"Kin haukace? Jiya ke kika ce a buɗe. A gaban surukai za ki ce mun shayar da su ƙazanta? Ki bari a binne tsohon nan, gobe ki rufe duk abin da kike so."

"Gobe za ku ƙara haƙa wasu kaburburan."

Ta fizge hannunta ta nufi rijiya.

Rijiyar tana ƙarƙashin tsohuwar bishiyar iroko, an kewaye ta da shinge, an rataya ganyen kwakwar manja a ƙofar. Mata sun yi layi a waje, Gwaggo Huwefa tana ciki cikin farin zani tana juye musu guga ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwar mahaifin Fifame ce, ita ta goye ta da uwarta ta rasu, ita ta sayar da awakinta ta kai ta makaranta. Da ta hango ta sai fuskarta ta washe.

"'Yata ta iso! Ku ba ta hanya."

"Gwaggo, ina Sena?"

"Tana ɗaki tana barci, wasa ya gajiyar da ita. Da kin ga yadda ta riƙe ƙoƙon nan jiya da hannu biyu, ta shanye tas, har sarki ya yi dariya."

Fifame ta dafa shingen. "Gwaggo, ranar Alhamis, da na ba ki kwalabe. Me kika sa a ciki?"

"Ruwa mana."

"Bayan ruwa."

Tsohuwar ta yi murmushi irin na wanda aka kama yana aikin alheri a ɓoye. Ta sa hannu a ƙugunta ta fito da 'yar kwalbar zuma. "Af, wannan? Ɗigo uku-uku ne kawai. Ruwa zai tafi gaban baƙi a yi masa tambaya, a bar shi ya tafi da ɗacin rai? Ana zaƙaƙa masa baki ya faɗi alheri a kan garinsa. Haka uwata take yi in za a kai ruwa wani gari. Ban taɓa bakin kwalbar ba, yadda kika ce, da tsinke nake ɗigawa."

"Wannan karon ne kawai?"

"Haba, wane irin wannan karon? Tun ranar da kika fara kawo kwalabenki. Na taɓa barin aikinki ya lalace?"

Nan Fifame ta hau lissafi. Shekara huɗu, sau biyu a shekara. Duk hazon da take gani tana ɗora wa jar ƙasa. Takarda takwas, da ta jiya tara, kowace da sa hannunta da hatiminta. Ta watan huɗu tana cikinsu, wadda ta sa wa hannu mako biyar kafin a binne Kosi da jaririyar. Rijiyar ta daɗe tana ƙoƙarin faɗa, ita ce ba ta taɓa ba ta kwana na biyu ba.

Ba ta yi wa tsohuwar tsawa ba. Da me za ta yi? Gwaggo ba ta taɓa zama a aji an zana mata layin da ya hau ya kwanta ya sake hawa ba. Fifame ce aka zana wa.

Ta ɗaga ƙafa ta tsallake ganyen. Matan layi suka yi ihu, wata ta yar da daronta. Gwaggo Huwefa ta dafe ƙirji. Fifame ta karɓe gugar daga hannunta ta jefar gefe, ta jawo murfin, ta ɗauko sarƙar da aka yasar jiya a gindin iroko ta zarga, ta danna kwaɗon, ta jefa makullin cikin rigarta. Daga nan ta wuce filin makaranta kai tsaye, ta hau dandamali, ta ƙwace lasifika daga hannun mai gabatarwa yana tsakar kiran sunayen surukai.

Ta ɗaga kwalbar sama. Ta ce ita ce Fifame 'yar Kpadonu, ita ta sa hannu jiya, kuma ta yi kuskure. Ta ce ruwan da ke gangunan nan da ledoji da randunan gidaje akwai cuta a ciki, kar wanda ya ƙara sha sai an tafasa. Duk mai yaro ya sa masa ido. Sannan ta faɗi abin da ba wanda ya tambaye ta, ta ce takardar watan huɗu ma ƙarya ce, kuma ita ta sa mata hannu. Ba ta ambaci zuma ba.

Ƙahonnin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, janareto kaɗai ya rage yana gurnani. Wani ya tofar da abin da ke bakinsa. Ba ta tsaya jin zagin ba, ta sauka ta ruga gidan Gwaggo.

Ɗakin da duhu. Sena tana kwance a tabarma, ƙarfe goma na hantsi, da duk kiɗan da aka kwana ana yi a bayan katanga. Fifame ta durƙusa, gwiwarta ta sauka a kan jiƙaƙƙen wuri. Ba fitsari ba ne. Ta ɗago yarinyar ta fito da ita haske. Idanun sun faɗa, leɓen ya bushe. Ta tsunkuli fatar cikinta ta saki, fatar ta tsaya a tattare tana komawa a hankali.

"Mama," in ji Sena, ba ta ma buɗe ido sosai ba. "Ruwa."

Gwaggo Huwefa ta iso ƙofa tana haki. "Sau uku ta fita tun asuba," ta ce da ƙaramar murya. "Na ce abarba ce ta yi mata yawa."

"Kawo sukari da gishiri, Gwaggo. Da cokali."

Kafin a kai ta Allada a kan wannan hanyar sai an sa mata wani abu a ciki, in ba haka ba ba za ta kai ba. Fifame ta buɗe randar ɗakin, cike take, ɗiban jiya. Ta tsakar gida ma haka. Maƙwabta ma haka, duk garin an zubar da ruwan famfo jiya don murna an cika da na gida. A tafasa a jira ya huce, rabin awa ke nan, ba ta da rabin awa.

"Gida ɗaya ne bai ɗiba ba," in ji Gwaggo, idonta a ƙasa. "Ablawa. Ta ce ita ba takardar da za ta sake sa ta sha."

Fifame ta goya yarinyar, ta ɗaure da ankon da ba ta saka ba, hoton marigayin ya faɗo daidai bayan Sena. Gidan Ablawa yana ƙarshen gari, kuma lasifikar tana kaiwa can, ta sani. Ta same ta zaune a ƙofa a kan kujerar tuya, kaskon a kife, ba ta sa anko ba. Ablawa ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi ƙafafun da ke lilo a ƙugunta.

"Na ji ki," ta ce. "Ta watan huɗu ma ke ce."

"Ni ce, Yaya Ablawa."

"Na zo ofishinku da ƙafata, kin tuna? Na ce ruwan yana wari in an yi sama. Kika nuna mini takarda."

"Na tuna."

Ba ta ce a yafe mata ba, don ta san ba ta da bakin faɗa. Ta tsaya kawai da sukari da gishiri a hannu. Ablawa ta daɗe zaune, har Fifame ta fara jin numfashin yarinyar a wuyanta, gajere, gajere. Sannan matar ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da tulu da kofi. Ruwan famfon bakin kwalta ne, ita kaɗai ta je ta ɗebo da asuba, ta tafasa, ya huce.

Ablawa ce ta kwance goyon da hannunta, ta ɗora Sena a cinya, ta tallafi kan yayin da Fifame ke auna cokali shida na sukari da rabin na gishiri, tana gaggawa har yana zubewa. Ablawa ta ɗaga fatar idon yarinyar da babban yatsa ta duba.

"Tun yaushe take barcin nan?"

"Tun safe, aka ce."

"Nawa ma da barcin hantsi ya fara." Ta karɓi cokalin daga hannun Fifame. "Kawo, za ki zubar. Kaɗan-kaɗan ake ba su. Ni da yawa na ba shi, ya amayar. Je ki kira mai babur ɗin."